Turanci ta Bayan Zana

Shekarar da na gama makarantar Midil a Sakkwato, hukumar En'e ta turo ni gida Wurno in koyar a elementare. Na dawo da akwatin ƙarfe, da takalmi mai igiya wanda ke cizona a dunduniya, da Turancin da nake ji da shi fiye da kima. Zamanin Turawa ne, kuma a unguwarmu duk wanda ya iya haɗa magana da harshensu, ko gemu bai fito masa ba, in ya zo zaure sai a matsa masa a tabarma. Ni kuwa ban taɓa cewa a bari ba.

Na tarar da mahaifiyata ba ta da lafiya. Babana ya rasu tun ina makaranta, ni ne kuma ɗan farinta, wanda ya tashi a ƙasarmu kuwa ya san abin da hakan ke nufi. Inna ba ta kiran sunana, ba ta zama inda na zauna, ba ta duban fuskata in da mutane. Da safe nakan durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta in gaishe ta, ta amsa daga ciki da "lahiya lau", ko da kwana ta yi tana juyi. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, ban kuma taɓa shakkar son da take yi mini ba. Sai dai kunyar ba ta bar mini hanyar da zan tambaye ta inda ke mata ciwo ba.

Idona dai yana gani. Matar da na sani tana dake damin gero ita kaɗai, yanzu in ta ɗaga taɓarya sai ta jingina da turmi tana haki. Tafin hannunta ya yi fari. Salla a zaune take yi. Wankinta ba ta yarda kowa ya taɓa, da kanta take yi a bayan ɗaki, ta shanya inda ido ba ya kaiwa. Ni ba yaro ba ne, na gane jini ne ke zuba, kuma ya daɗe yana zuba. Na ji tsoro ƙwarai, na rasa wanda zan faɗa wa.

A lokacin akwai wata Baturiya ma'aikaciyar jinya da ke zuwa rangadi daga Sakkwato. Takan sauka a ɗakin shan magani na garinmu ta duba mata da yara, ta wuce Goronyo. Sabuwa ce a ƙasar, Hausarta ba ta wuce sannu da na gode ba. Mai yi mata tafinta shi ne malamin asibitinmu, dattijon kirki, aminin babana, wanda tun ina rarrafe yake cin tuwo a zaurenmu. Gab da faɗuwar damina, kafin ruwa ya yanke hanyar mota, aka kai Inna wurinta. Baturiya ta yi tambaya, malamin asibiti ya juyo ya ce, "Mi ka damunki?" Inna ta dubi ƙasa, ta ce ciwon kai. Aka ƙunsa mata farar ƙwaya a takarda, aka kira ta gaba.

Wadda ta kai ta ita ce Goggo, yayar babana. Goggo gajera ce, mai saurin tafiya da saurin fushi, mijinta ya daɗe da rasuwa, shekarunta kuma sun fid da ita daga kulle. Daddawa take yi ta sayar, da ita take ci. Amma ba da daddawa aka san ta ba. In mace ta fara naƙuda a unguwarmu, Goggo ake kira. In tsohuwa ta kwanta ba mai juya ta, Goggo ce. In mace ta rasu, ita ke wanka. Ba wanda ya naɗa ta, ba wanda ke ba ta ko anini, in ma ka yi mata godiya da yawa sai ta harare ka ta ce kana tsare mata hanya.

Ranar da suka dawo daga ɗakin shan maganin, na same ta a tsakar gida ta jefar da ƙunshin ƙwayar a kan tabarma.

"Ciwon kai!" ta ce. "Macce ta tsaya gaban aminin mijinta ta hwaɗi abin da ka damunta? Ai ko ni ban iyawa." Sai ta juyo kaina. "Kai, malam. Turancin ga da anka tura ka ka koyo, ana iya zuba ma tsohuwa shi?"

Na yi dariya, na ga ita ba dariya take ba.

"Baturiyag ga za ta komo in hanya ta bushe. Ni nika son in yi mata magana da bakina, ba namiji tsakani. Akwai wata mata nan unguwa da ba ta da lahiya."

Wata mata nan unguwa. Haka ta ce, haka kuma muka ci gaba da cewa har ƙarshe. Ta san na sani, na san ta san na sani.

Na ce mata ai da sauƙi, in rubuta a takarda ta miƙa. Ta ce takardar hannun wa za ta fara shiga in ba na malamin asibiti ba? In kuma Baturiya ta karanta ta yi tambaya, takarda ce za ta amsa? Ta ƙara da cewa matan da ke cewa ciwon kai a gaban tafinta sun fi gashin kaina yawa, ba za ta riƙa zuwa wurina kowace safiya kamar mai neman laya ba. Na yarda. Muka sa lokaci, kullum bayan la'asar in na taso daga makaranta, a gindin dogon yaron da ke bayan ɗakin Inna, kusa da turken awaki.

Farkon karatun daɗi ya yi mini, don na samu inda zan baje kolina. Gaisuwa muka fara. Goggo ba ta san baƙi ko ɗaya na boko ba, da kunne take kamawa, yadda ta kama waƙoƙin niƙa. Kowace kalma sai ta sa mata wutsiya, ta ja ta, ta lanƙwasa ta har ta zauna mata a baki. In na gyara ta ce, "To ba haka nic ce ba?" In na sake gyarawa ta ce makarantar Midil ba ta koya mini ladabi ba. Amma kanta ƙwaƙwalwa gare shi. Abin da na ba ta yau, gobe za ta kawo shi cif, don a hanyar rijiya take maimaitawa, da bakin tukunyar daddawa. Awakinmu sun sha gaisuwar Turawa a daminar nan.

Daga nan na ce mata Baturiya za ta so ta san ko ita wace ce, da abin da ya kawo ta.

"Ka ce mata ni ta," in ji Goggo.

Na ce ba a yi haka. Sai ta faɗi aikinta: tana karɓar haihuwa, tana jinyar marasa lafiya, tana kai wa wanda ba shi da kowa kunu. Za a kuma tambaye ta ko ma'aikaciyar En'e ce, da wanda ke biyanta.

"Biya? Wa za ya biya ni don na riƙe kan maƙwabciyata tana naƙuda?"

Na yi mata bayani, ina ji da kaina, cewa a ƙasar Turawa masu irin aikinta suna da suna na musamman, har ƙungiya suke yi, mutum ya je ya ce ga shi ya zo aikin sa kai, a ba shi rana da wuri. Ta saurara baki buɗe, ta ce, "Su sai sun yi ma abu suna kahin su yi shi?" Duk da haka na shirya mata magana mai kyau, wadda na kwana biyu ina gogewa, mai cewa tana hidimar matan unguwarta ba don kuɗi ba, don Allah. Ta maimaita sau ɗaya, ta tambayi ma'anarta, ta tofar. Ta ce wannan ai yabon kai ne, in ta tsaya gaban baƙuwa tana lissafa alherinta, me za ta tarar gobe kiyama? Na yi fushi, ta yi fushi. A ƙarshe muka tsaya a kan 'yar gajeriyar magana: ni maƙwabciya ce, na zo taimako. Ita ta zaɓa, ni kuma na ga ta yi wa Turancina rowa.

Sai muka zo inda karatun ya tsaya cik. Ranar nan ta gyara zama ta ce, "To, ƙaƙa aka cewa..." sai ta kau da kai. Ta dubi awaki, ta dubi sama, ta ce hadari ya taso, bari ta je ta kwashe shanya. Washegari ma haka. Abin da ya hana Inna magana gaban malamin asibiti shi ya kama bakin Goggo a gabana. Ni ɗan ƙaninta ne, ɗa nake a wurinta. Kalmomin da take nema na san su da Turanci, ita ta san su da Hausa, amma ba mai iya miƙa wa wani. Muka yi kwanaki muna maimaita gaisuwa kamar wawaye, gero yana ta tsawo a gona, Inna tana ta ramewa.

Ana haka Kaka ta zo daga Rabah. Ita ce ta haifi Inna, ta ji labarin jikin 'yarta ta hau jaki ta taho jinya. Tsohuwa ce doguwa, haƙoranta sun yi ja da goro, bakinta kuwa ba linzami. Tsakanina da ita wasan jika da kaka ne tun ina goye. Angona take ce mini, ni in ce mata amarya, ta ce na bar ta ba cefane, in ce ta tsufa zan sake ta. A gidan nan kaf ita kaɗai ce za ta iya faɗa mini kowace irin magana ba wanda zai ɗaga gira, muddin ta naɗe ta da zagi.

Kwana ɗaya ta yi tana kallonmu ta gane inda muka maƙale.

"Ku dai ba ku da wayo," ta ce. "Ke, koma bayan zana. Kai kau, miji marar amfani, juya muna ƙeya."

Haka aka yi. Goggo ta zauna a bayan zanar da ta raba turken awaki da tsakar gida. Ni na zauna a gindin itace ina kallon katanga. Kaka ta shimfiɗa buzunta a bakin zanar, daidai tsakiya. Goggo ta raɗa mata a kunne ta kafar zana, ita kuma ta wurgo mini da ƙarfi.

"Kai angona, mai kai kamar tulu! In ni matarka nic ce maka jini na zuba gare ni ba lokacinai ba, ƙaƙa za ka hwaɗa ma Nasara?"

 Na dubi katanga, na faɗa da Turanci. Daga bayan zana muryar Goggo ta maimaita, a hankali, da wutsiyoyinta. Na gyara, ta sake. Kaka ta ce, "Ka ji shi, ashe ya san komi, munahuki." Muka yi dariya mu uku, dariyar da ta fi kama da ajiye kaya.

Daga ranar karatu ya miƙe. Wani abin mamaki, da Goggo ta riƙe kalmomin da Turanci, sai ta daina jin nauyinsu. Tana iya fitowa daga bayan zana ta dube ni ido cikin ido ta jero su, don a bakinta sauti ne kawai, ba su da kunya. Ni ne nake jin abin da suke ɗauke da shi. Ta haka na san ciwon mahaifiyata, guntu-guntu, daga bakin Kaka cikin zagi, daga bakin Goggo cikin harshen da ba nata ba. Na san tun wace kaka abin ya fara. Na san akwai ciwo a mara da ke zagayawa baya. Na san wani lokaci har da wari, shi ya sa take ƙona turare a ɗaki ba dare ba rana, ni kuwa da ina tsammanin son ƙamshi ne.

Goggo ta yi mini wani alheri da ban gane ba sai daga baya. Ba ciwon Inna kaɗai take kawowa ba. Takan zagaya unguwa ta kwaso na wasu: wadda nononta ya kumbura, wadda ƙafafunta suka hau tana da ciki, wadda ke ɓari duk shekara. Sai ta cakuɗa su, yau wannan gobe wancan, duk da sunan wata mata nan unguwa, don kada in iya tsince na Inna. Ina tsincewa mana. In na Inna ne, Kaka takan ƙara yawan zagin.

Da na ga ta riƙe maganganun, na ce saura amsa tambaya, don zance ba karatun allo ba ne, ba ka san ta inda abokin maganarka zai ɓullo ba. Sai na zama Baturiya. Na toshe hanci, na siranta murya, na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ina tambaya: tun yaushe? Ina ke ciwo? Tana cin abinci? Haihuwarta nawa? Goggo ta amsa, in ta rikice ta zage ni da Hausa ta koma. Na koya mata ta ce a maimaita, ta ce a yi a hankali, ta ce ban gane ba. Wannan ta ƙarshen ta fi ba ta wuya, ba don harshe ba, don Goggo ba ta saba cewa ba ta gane ba.

Wata la'asar ina cikin wannan muryar, Kaka ta ce farar budurwar tawa mura take yi ne ko haka Allah ya yi ta, sai na ji dariya daga cikin ɗaki. Inna ce. Ashe duk karatun nan tana kwance tana ji ta taga. 'Yar dariya ce, ta ƙare da tari, amma rabon da in ji ta tun kafin babana ya rasu. Na ƙara toshe hanci na ci gaba, hawaye na zubo mini, ina godiya ga Allah da ya sa katanga nake kallo.

Abu na ƙarshe da Goggo ta nema shi ne yadda za ta ce namiji ya fita. Na shirya mata magana mai ladabi irin ta littafi, da roƙo a gaba da godiya a baya. Ta ce kafin ta kai ƙarshenta ai Baturiya ta isa Goronyo. Na rage, ta ce in ƙara ragewa. Muka bar ta kalma uku da nuna ƙofa.

Ruwa ya ɗauke, shinkafar fadama ta sunkuya, hanya ta bushe. Aka yi shela cewa Baturiya na tafe. Da hantsi aka ɗora Inna a kan jaki, Goggo na riƙe da ita ta gefe, Kaka na biye da buzunta da ƙullin goro. Ni ban bi su ba, ba a yi haka. Na bari suka yi nisa, na zagaya ta bayan kasuwa, na tsaya nesa da ƙofar ɗakin shan maganin kamar mai jiran wani. Mata sun cika inuwar rumfa da ta bango, ba inda namiji zai raɓa, na tsaya a fili. Kaka ta samu gindin bango ta shimfiɗa buzu.

Da layi ya zo kansu suka shiga. Ba a jima ba sai ga malamin asibiti ya fito, yana riƙe da hularsa a hannu, yana waige. Ya hango ni ya taho yana dariya har da riƙe ciki.

"Kai ka koya mata? Wallahi da Turanci tak kore ni! Baturiya ta ce in hita, in jawo ƙohwa." Ya girgiza kai. Sai dariyar ta ɗauke, ya ce a hankali, "Madalla. Na daɗe da sanin ba ciwon kai ka kawo su ba. Allah shi yi maka albarka." Ya tafi ya zauna wurin direban Baturiya.

Abin da ya faru a ciki daga baya Goggo ta ba ni labari. Ta yi gaisuwa, ta ce ita maƙwabciya ce ta zo taimako, ta nuna ƙofa. Sannan ta jero abin da ta kawo, ba ta manta ko ɗaya ba. Baturiya ta ajiye alƙalami ta saurara, ta yi tambayoyi, Goggo ta amsa waɗanda ta gane, waɗanda ba ta gane ba ta ce a maimaita. Aka kwantar da Inna aka duba ta. Baturiya ta daɗe tana wanke hannu, ta juyo ta yi magana mai tsawo. Goggo ta ce ba ta gane ba, amma malaminta yana waje. Sai Baturiya ta yanka maganar gajeru-gajeru, ta yi ta nanata mata har ta riƙe, ta ce ta je ta kai wa malamin ya fassara.

Ba ta san malamin ɗan matar ba ne. Ta ina za ta sani? Damina guda muka yi muna shirya kowace irin magana, amma ba wanda ya taɓa cewa a koya wa Goggo yadda ake cewa ɗanta ne. Wata mata nan unguwa ce, ba ta da ɗa a cikin karatunmu.

Ni dai abin da na gani shi ne Goggo ta fito da sauri, leɓunanta na motsi, ta ɗaga hannu ɗaya kada kowa ya yi mata magana, tana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono. Wata ta gaishe ta, ba ta ko waiga ba. Ta iso gabana ta sauke maganar duka, a jere, da wutsiyoyinta, ba ta zubar da ko kalma ba. Ta ja numfashi. Fuskarta ta cika da murna, irin murnar wanda aka aika ya isar.

"Na kawo daidai?" ta ce.

Ta kawo daidai. Ciwon ya yi nisa. Ko an kai ta Sakkwato ba abin da za a iya yi. Za a ba da maganin rage zafi. A kai ta gida, a kula da ita. A faɗa wa danginta a hankali.

Haka kuwa ya kasance. Inna ta kai lokacin cire albasa, ba ta ga sabon ruwa ba. Maganin ya taimaka, ta samu barci, ta daina cije zane. Amma a ranar ban san wannan ba, abin da na sani kawai shi ne duk filin nan ni kaɗai na ji abin da aka ce.

Kaka ta taso da buzunta a hannu, tana taunar goro.

"To angona, mi budurwar taka tac ce? Ko kishi ya hana ka hwaɗi?"

Na buɗe baki in mayar mata da wasan, don ta nan muka saba bi, na nemi zagi ko ɗaya na rasa. Ta dube ni. Ta daina tauna. Ta juya gefe ta tofar da goron, ta goge baki da gefen mayafi, ta matso har ina jin numfashinta.

"Ɗana," ta ce, ba ta taɓa kirana haka ba. "Hwaɗa mini yadda tac ce. Ɗiyata ta."

Na faɗa mata da Hausa, ba zana, ba katanga. Ban rage komai ba, ban kuma iya yin a hankalin da Baturiya ta ce ba, don ban san yadda ake yinsa ba. Kaka ta yi salati, ta sake yi, ta dafa kafaɗata, ban sani ba ko ni take riƙewa ko kanta.

Goggo ta tsaya tana dubanmu, murnar tana sauka daga fuskarta.

"Ashe abin da niɗ ɗauko ke nan," ta ce. "Ina ta sauri kar in zubar."

Na ce mata ba don ita ba da yanzu farar ƙwaya za a sake ƙunsa mana, mu koma gida muna jiran sauƙin ciwon kai. Ban san ko ta ji ni ba. Ta share ido da bayan hannu, ta gyara ɗaurin zane, ta ce akwai mai kumburin ƙafa a layi, ita ma ba ta iya faɗi gaban namiji, bari ta fito da Inna ta koma. Ta juya ta shiga.

Jim kaɗan suka fito. Inna na jingine da kafaɗar Goggo, tana taka ƙasa a hankali, ƙunshin magani a hannunta. Ba wanda ya gaya mata komai, amma ta dubi fuskar uwarta, na kuma ga ta gane. Ba ta yi kuka ba. Aka kawo jaki. Kafin a ɗora ta, idonta ya biyo ta inda nake, bai tsaya a kaina ba, ya wuce ya sauka kan Kaka.

"Inna," ta ce wa Kaka da 'yar muryarta, "wanga na tsaye cikin rana tun hantsi. Ku ce mai shi koma inuwa."

Na koma inuwa.